Ba a Nuna wa Rago Wuƙa

Ollelewa, watan Zulƙida, 1385

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Raishatu ƴar Malam Jika, zuwa ga ɗan kawuna kuma taubashina Gajere, a wurin aikin famfo na Belbeji. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta matarka Hawwa. Yaya hannun? An ce zafin bana ya sake tsage maka wurin da ya warke. Ka riƙa shafa man shanu, kada ka ce maganin Mishan ya ishe ka. Mu nan muna inda Allah ya aje mu. Yanar nan ta ƙara rufe idon maigidana Malam, ko baƙin allo ba ya rabewa yanzu, ni nake riƙe masa alƙalami. Ɗanmu Abdu yana Tanut, ba mu gan shi ba tun bayan ƙaramar salla.

Bayan haka, maganar baƙon da ke gidanka. Ka san ba na faɗin sunansa, ɗan fari ne, ba kuma yau zan fara ba. Allah ya saka maka da alheri da ka buɗe masa ƙofa, alhali dangi sun rufe maka tasu tun da ka dawo daga maganin kuturta da addinin masu maganin.

Ban sani ba ko ya faɗa maka yadda abin ya auku, don ba mai magana ba ne. Ga abin da waɗanda ke bakin rijiya suka shaida. Lokacin shayar da shanunmu ne, takarkarinmu na jan guga, sai Rissa ɗan Aghali ya iso da raƙumansa, ya ce sun kwana da ƙishi, ya jefa igiyarsa kafin a janye tamu. Suka yi cacar baki. Yaron nan ya ture shi da kafaɗa, ƙafar Rissa ta zame a taɓon bakin rijiya. Ka san zurfin rijiyoyin Damargu. Allah ya jiƙan sa, yaro ne mai gaisuwa, ya sha fura a zaurenmu ba sau ɗaya ba. Mutanen Aghali sun ce da gangan ne. Ni ban gani ba, ba zan ce komai ba.

Yanzu ga saƙon Malam. Yana zaune a bakin ƙofa, ya ce in rubuta kamar haka: an kashe magana, Aghali ya haƙura, yaro ya zo gida ya yi Layya da ubansa. Ya ce in rubuta da hannuna, don yaron ya san rubutuna, ya kuma san ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na rubuta yadda Malam ya faɗa. Maganarsa ce.

Sai tambaya ɗaya, wannan tawa ce. Ƴan matan da nake biya wa karatu sun iso ƙissar Annabi Ibrahim. Ka san yadda kaka ya biya mana ita a kan tabarma ɗaya: uban bai ɗauki wuƙa ba sai da ya zaunar da Annabi Isma'ila, ya faɗa masa mafarkin da ya yi, ya nemi jin ta bakinsa. A littafin da kake karantawa yanzu, ya faɗa masa kuwa? Ka yi tunani sosai kafin ka amsa.

Na karanta wa Malam takardar nan daga farko har nan, yadda ya nema. Ya ce me ya kawo zancen Annabi Ibrahim. Na ce lokacinsa ne ya ƙarato. 

Allah kada ya ɗora mana abin da ba mu iya ɗauka. Wassalam.

Belbeji, Maris 1966

Zuwa ga Malama Raishatu, ƴar gwaggona, mai alƙalami kamar na alƙali. Salama a gare ki da gidanki duka. Hannu da sauƙi. Man shanu kuwa sai ki aiko, ke ce mai shanu, ni ba ni da komai sai baƙin man inji.

Malama, kin sa an yi guɗa a gidan kuturu! Na karanta wa Sidi saƙon ubansa. Ni zan faɗi sunan, Sidi, Sidi, ki toshe kunne in kin ga dama. Ya karɓi takardar ya duba da kansa, ya ce, “Hannun Inna ne.” Ya zagaya bayan ɗaki ya daɗe bai dawo ba. Tun da ya zo nan bai ci ya ƙoshi ba, in ya ji an jefa guga sai ya tashi ya bar wurin. Ran nan kuwa ya cinye tuwon Hawwa har da ƙanzo. Ya ce zai je ya durƙusa gaban Aghali, ko miyau zai tofa masa ya tofa.

Ya jima yana taya wani Bafillace shayarwa a nan famfo, mutumin ya ba shi rago, fari mai baƙin kunne. Ya ce shi ubansa zai yanka bana. Ta daji zai bi a ƙafa saboda ragon, ya shigo muku ran jajibere.

Tambayarki kuma, na san tarko ne, irin wanda kike ɗana mini tun muna yara don kaka ya ce ke ce mai kai. To ga amsa. Mu a wurinmu Ishaku ne, ɗan Saratu, ba Isma'ila ba, an kira sunansa ƙarara. Kuma uban bai faɗa masa ba. Sammako ya yi, ya ɗaura wa jaki kaya suka kama hanya. Da suka iso gindin dutsen, yaron ne ya ɗauki itacen. Har ya tambayi uban ina ragon, tunda ga wuta ga itace. Uban ya ce masa Allah zai tanada. Malaminmu na Mishan ya ce itacen nan alamar gicciye ne, an fanshi Ishaku don akwai mai zuwa wanda ba za a fansa da rago ba. Na san kin ce a'uzubillahi, na jiyo ki daga nan.

Ni dai a ganina shirun uban tausayi ne. Me sanin zai ƙara wa yaro? Ya yi tafiyarsa da sakakkiyar zuciya har kan dutsen.

Maigidana a wurin aiki, Hayim, Bayahude ne haifaffen Tunas, yana jin Larabci fiye da limamin nan garin, kada ki faɗa wa kowa na ce haka. Na ba shi labarin gardamarmu muna kwance inji. Ya yi dariya ya ce, “Ku biyun nan kuna faɗa a kan labarin kakana kamar maƙwabta a kan akuyar wani.” Shi ma ya ce Ishaku ne, mu biyu ke ɗaya, kin faɗi. Sai dai malamansu sun ce ba yaro ba ne, magidanci ne da gemunsa, shi ma ya ce wa uban ya ɗaure shi tam kada ya motsa ya ɓata yankan. Ya ce akwai sauran labari, amma ba na wurin aiki ba ne.

Abdu me ya zaunar da shi a Tanut haka? Ko ya ga wata ce? Ki gaida Malam Attahir, ko ba zai amsa ba.

Taubashinki, Gajere.

Ollelewa, farkon Zulhajji

Gajere, gaisuwa a taƙaice, ka yafe mini.

Ba a kashe magana ba. Aghali bai haƙura ba. Gardi, ƴan sandan gwamnati, sun zo bayan ƙaramar salla, ba su sami wanda suke nema ba, suka tafi da Abdu. Yana kaso, a kulle a kurkukun Tanut, an ce ba zai fito ba sai wansa ya shiga. Ka san ƙirjin Abdu tun yana goye. Ƙanwar Malam, Balki, ta kai masa fura, ta ce tarinsa ya fara fita da jini. Mutanen Aghali sun kafa bukkoki a bakin rijiya, matan gari na ɗiban ruwa ido na bin su. Mai gari da Malam sun gama shiri: in yaron ya shigo ran jajibere, gardi na jiran sa a zauren mai gari.

Na ce maka maganarsa ce. Na ce ka yi tunani sosai. Na ɗauka wanda ya zauna tabarma ɗaya da ni zai ji abin da ban faɗa ba. Ba laifinka ba ne. Na tsare harshena daga ƙarya, na bar ta ta tafi da ƙafarta a cikin rubutuna.

Za ka ce ina nake aka yanke wannan shawara. Ina ɗaki. Gwaggon Malam ta leƙo ta ce, “Uwar yaro me ta ce?” Na sunkuyar da kai, yadda aka koya mana in an ambaci ɗan fari. Ta fita ta ce musu na yarda.

Da amsarka ta iso na karanta wa Malam. Da na kai inda ka ce shirun uban tausayi ne, ya ce, “Kin ji, har ɗan Mishan ya gane.”

Na ce, “Malam, yaushe muka koma bin littafinsu?”

Ya ce, “Raishatu, tun kafin in auro ki nake yanka wa garin nan ragunan Layya. Ba a nuna wa rago wuƙa, ba a wasa ta a gabansa. Haka aka hore mu.”

Na ce, “Wannan haƙƙin dabba ne, don ba ta da ta cewa. Annabi Ibrahim ya fi mu sanin haƙƙin dabba, amma ɗansa sai da ya tambaye shi.”

Ya ce, “In na faɗa masa ya yi arewa fa? Wa zai same shi a cikin duwatsun Abzin? To zaɓa mini, wanne zan binne?”

 Ya yi kuka, Gajere, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da uwarsa ta rasu. Kada ka ɗauke shi mugu. Na jira ya yi shiru, na ce masa zan rubuto maka gaskiya. Ya ce bai yarda ba. Na ce na ji, zan rubuta. Ban taɓa saɓa masa ba sai yau, ban kuma so in yi a ɓoye.

Kai da Bayahudenka kun ce Ishaku, mu mun ce Isma'ila. Ina kan abin da aka karantar da ni, ba ni da shakka a kansa. Amma kowane ɓangare ɗan da ya fi kusa da shi yake ja. Ni duka biyun ni na goya.

Ka zaunar da shi ka karanta masa wannan duka, kada ka rage masa ko kalma. In zai zo, ya zo da saninsa. In ya yi arewa ba zan tsine masa ba, ka faɗa masa wannan ma. Ban ce ya zo ba, ban ce kada ya zo ba.

Mijin Balki zai kai takardar kasuwar Tanut ya ba masu kamyo, motocin kaya. Don Allah, don zumunci, kada ta kwana a hannunka.

Raishatu.

Belbeji, Afrilu 1966

Raishatu, ba ni da bakin gaisuwa.

Takardarki ta iso ran jajibere da hantsi. Kamyon ne ya lalace a hanya, ta yi ta kwana a aljihun direba. Sidi ya riga ya tafi.

Na bar inji a buɗe na ruga wurin Hayim. Na karanta masa, ina karantawa ina juya masa. Nan take ya ɗauki makullin mota. Muka bi rijiya rijiya muna tambayar makiyaya. Wata Bafillatana ta ce ta gan shi, ya roƙi ruwa ya fara ba ragon kafin ya sha, yana ta yi mata zancen gida. Daga nan sawunsa ya shiga inda mota ba ta bi. Muka gwada, yashi ya riƙe mu har rana ta karkata. Mai ya kusa ƙarewa, ga garkuna jibge a famfo babu mai tada musu inji. Muka juyo.

Sai na faɗa miki wani abu. Da zai tafi, ya riƙe igiyar ragon ya tsaya a ƙofa ya ce, “Kawu, ka tabbata? Aghali ba mai saurin haƙuri ba ne.” Na ce masa, “Hannun uwarka ne, me kake nema kuma?” Ni na ɗora masa itacen, ina dariya. Kin aiko mini da tambayar rai, na mai da ita wasan taubasai.

Muna zaune a inuwar motar muna jiran yashi ya huce, Hayim ya ba ni sauran labarin nan da ya ce ba na wurin aiki ba ne. Ya ce ku kuna duban ɗan da ya yarda, mu muna duban itacen, su kuwa kakanninsu sun dubi wadda aka bari a gida. Babu wanda ya shawarci Saratu. Shaiɗan ya riga su isowa, ya ce mata mijinki ya kwantar da ɗanki ya ɗaga wuƙa. Kafin labarinsa ya kai inda aka fanshi yaron, ta yi kururuwa, ranta ya fita. Ya ce shi ya sa labarin mutuwarta yake biye da wannan a Attaura. A sabuwar shekararsu suna busa ƙahon rago, wasu malamansu sun ce kukanta ne ake maimaitawa. Ya kuma ce in duba da kyau: littafin ya ce uban ya sauko ya koma wurin barorinsa, bai ambaci ɗan tare da shi ba. Na dawo gida na duba. Haka yake. Na sha karanta wurin ban taɓa lura ba.

Na ce masa, “To me kuka koya a ciki?” Ya ce, “Wa ya ce maka mun gama? Har yau muna tambayar Sa.”

Mako mai zuwa ne namu bikin, mu Kirista. Ban san da wane baki zan yi waƙa ba. Hawwa ba ta daina kuka ba, tabarmarsa na nan inda ya naɗe ta.

Tun da na ji labarin Saratu nake jin tsoro dominki. Ki aiko ko da kalma ɗaya ce, in san kina numfashi.

Gajere.

Ollelewa, watan Muharram, 1386

Da sunan Allah, wanda rayuka ke hannunsa.

Zuwa ga ɗan kawuna Gajere. Ina gaishe ka, ina gaida Hawwa, ka ce ta share hawaye, ta yi mana abin da ƴar'uwa ba ta yi ba. Ka yafe jinkirin, hannuna ne ya ƙi riƙe alƙalami. Maganar itace kuma ka aje ta. Abin da aka ba ka ka karanta.

Da jajibere ta zo ban ji daga gare ka ba, na san ɗaya ne cikin biyu: ko takardar ba ta riske shi ba, ko ya ji ya yi arewa. Bayan azahar na yafa zane na ce wa Malam zan fita hanyar yamma. Ya ce, “Da izinin wa?” Na ce ba ni da izini, sanar da shi nake. Rabona da fita da rana tun mutuwar kaka. Na wuce gonaki na zauna a gindin aduwar nan da ake ɗaure jakai.

Wajen la'asar na hango shi. Ya rame, yana tafe yana yi wa ragon magana. Ya ga mace zaune bai gane ni ba, ya kauce zai ba ni hanya. Na ce, “Sidi.”

Ga shi na rubuta. Ran nan ne ya fara jin sa a bakina. Ya tsaya cak, har ya waiga ko akwai wani a bayansa. Sannan ya durƙusa ya ce, “Inna, wa ya mutu?”

Na ce babu wanda ya mutu tukuna. Na faɗa masa duka: Aghali, gardi, Abdu da tarinsa, da takardar da na rubuta da hannuna. Na ce ga hanyar arewa nan, babu wanda ya gan shi sai ni, ni kuwa in an tambaye ni shiru zan yi. Ya dubi hanyar ya daɗe. Ragon na jan sa wajen ciyawa. Ya ce, “Abdu yana iya tsayawa da ƙafarsa?” Na ce Balki ta ce da ƙyar.

Ya ce, “Tun ƙaramar salla yake ciki?”

Na ce tun sannan.

Ya ce, “Da Baba ya faɗa mini, da na zo tun ranar. Wane irin ɗa ya ɗauke ni?”

Ya miƙo mini igiyar ya ce in kai wa ubansa. Bai bi ta gida ba, ya nufi rijiya. Na bi shi da ragon a hannu. Ya tuɓe takalma ya durƙusa gaban bukkar Aghali. Samari suka miƙe da takubba. Tsohon ya ɗaga musu hannu, ya ja amawalinsa har ƙasan ido, ya juya fuska. Bai yafe ba, bai bari an taɓa shi ba. Daga nan yaron ya tafi zauren mai gari da ƙafarsa.

Da za su fita da shi sun bi ta ƙofarmu, hannunsa a ɗaure. Malam na zaune a bakin zaure. Ya ji tafiya ya ce, “Su wane ne?”  Yaron bai juya kai ba.

Washegari Malam ya kasa yanka. Ladan ne ya yanka wa gari, ya yanka namu. Na raba naman duka.

An wuce da shi Damagaram. An ce daga can arewa mai nisa za a kai shi, inda ba a zuwa gaisuwa. An faɗi shekarun, ban riƙe ba. Abdu kuma an kawo shi a kan jaki, ana riƙe da shi. Yana ɗakina, yana shan kunu kaɗan kaɗan. Ban sani ba ko zai ga damina. Mutanen Aghali sun kwashe bukkokinsu.

Ka gode wa Bayahudenka da man da ya ƙona dominmu. Ka ce masa labarin Saratu ba ya cikin abin da aka karantar da ni, ba zan ce gaskiya ne ba, ba zan ce ƙarya ne ba. Ka ce masa ban mutu ba. Akwai mai tari da zan dama wa kunu, akwai makaho da zan miƙa wa buta. Kururuwar ma ban yi ba. Ina jin wadda ta yi ta fi ni samun sauƙi, Allah ya yafe mini in na yi saɓo.

Malam ya daina zama a zaure. Kullum bayan sallar asuba in na kawo masa ruwa sai ya ce, “Da kuka haɗu, me ya ce?” Ina ce masa, “Ya ce in kawo maka ragon.” Gaskiya ce, ya faɗa. Sauran tana bakina. Ni da na tsaya a kan sai an faɗa wa ɗa, na kasa faɗa wa uban. Ban sani ba tausayi ne ko tsoro. Jiya ya ce, “Shi ke nan abin da ya ce?” Na ce ruwan zai huce.

Gobe zai sake tambaya.

Ka sa mu a addu'a, ta kowace hanya kake yin ta. Wassalam.

Raishatu, uwar Sidi.